Kurakuran da ake yi wajen tura ɗaliban injiniya SIWES

Tun 1973 da hukumar ITF, wato asusun horar da ma'aikatan masana'antu na gwamnatin tarayya, ta ƙirƙiro SIWES, shirin tura ɗalibai wuraren aiki su koyi aiki a aikace, manufarsa ɗaya ce: ɗalibi ya taɓa inji da hannunsa kafin ya karɓi digiri. A yawancin jami'o'in Najeriya ɗalibin injiniya yakan yi wata 6 a aji huɗu yana wannan horo. Sai dai yadda ake tafiyar da shi yana cutar da yara da dama, kuma gyaran yana hannun jami'o'i da masu kamfanoni.

Kuskure mafi girma shi ne a miƙa wa ɗalibi takarda a ce ya je ya nemo wa kansa gurbi. Wanda yake da kawu a kamfanin mai a Fatakwal ko a kamfanin siminti na Obajana, waya ɗaya ta ishe shi. Ɗan talaka kuwa sai ya yi ta zagaye unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Bompai da Chalawa a Kano, fayil a hammata, maigadi na ce masa oga ba ya nan. Da yawa daga masaƙun Kakuri a Kaduna sun daɗe a rufe, guraben sun ragu, ɗalibai sun ƙaru. Ƙarshenta yaro ya samu wani ofishi da zai buga masa hatimi, ya koma gida ya zauna, ya cika littafin rahoton wata 6 a dare biyu. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ofishin SIWES na jami'a ne ya kamata ya nemo guraben, a tashoshin lantarki irin su Shiroro da Kainji, hukumomin ruwa, kamfanonin gina hanya, har da garejin da ake aiki na gaske. A manna jerin a allo, a raba bisa ƙa'idar da kowa ya sani. Tsofaffin ɗalibai ma, in an tuntuɓe su, sukan buɗe ƙofa.

Sai batun kuɗi. Alawus ɗin da aka daɗe ana biya naira 2,500 ne a wata, kuma sau da yawa sai bayan an gama horon yake fitowa. Kafin a tura ɗalibi wani gari, a tambaye shi inda zai kwana da yadda zai yi kuɗin mota. Kamfanin da yake cin moriyar guminsa ya ba shi ko da kuɗin mota da abincin rana ne.

Wasu wuraren kuma ɗan aike suke mayar da ɗalibi: sayo abinci, kai takarda. A rubuta tun ranar farko abin da zai koya kowane wata da sunan injiniyan da zai bi.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ganin yaro sanye da silifa a kusa da injin yankan ƙarfe, babu hular kwano, babu tabarau. Kada a bar shi ya shiga filin aiki sai an koya masa ƙa'idojin kariya, an ba shi kayan. 'Yan mata kuma a daina ajiye su a ofis ana cewa "aikin maza ne". Karatu ɗaya suka yi da mazan. A ba kowace lambar malamin da za ta kira in wani ya matsa mata, a kuma sauya mata wuri ba tare da ta rasa maki ba. Malamin da aka tura duba ɗalibai ya je da ƙafarsa, ya keɓe da ɗalibin ba a gaban oga ba, sannan ya sa hannu a Form 8, wato takardar rahoton kammala horon.