Yadda za ka biya kuɗin kula da manhajar da ka samu kyauta

Wani ɗan'uwana mai shagon buga takardu a Zoo Road a Kano ya sa wani yaro ya ɗora masa Ubuntu (wani nau'in Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows) da LibreOffice (ta rubutu da lissafi) a kwamfutocinsa huɗu, ko sisi bai kashe a lasisi ba. Da yaron ya tafi bautar ƙasa, sai firinta ta ƙi aiki. Kwana uku shago yana buɗe ana zaman banza, masu kawo aiki suna juyawa. Manhajar kyauta ce, amma mai gyara da abincinsa. Ko Richard Stallman da ya kafa shirin GNU na irin wannan manhaja ta “free software” a 1983, 'yancin amfani da manhaja da sauya ta yake nufi, bai hana kowa karɓar ladan aikinsa ba.

Fara da takarda da biro. Rubuta abin da ke kan kowace kwamfuta da lambar sigarsa, sannan ka ja layi ƙarƙashin wanda in ya tsaya kasuwa ta tsaya.

Sai ka zaɓi wanda za ka biya. Kamfanin Canonical mai Ubuntu yana da tsarin Ubuntu Pro: sigar LTS, wato wadda ake daɗewa ana kula da ita, tana samun gyaran tsaro na shekara 5, Pro kuma ya kai ta 10. Kyauta ne ga mai amfanin kansa har kwamfuta 5, amma in kana son injiniya ya amsa maka, sai ka biya, da dala. Kamfanin Red Hat ma da wannan sana'ar ta kula da Linux ya girma har IBM ya saye shi kan dala biliyan 34 a 2019. A ganina wannan hanya ta banki ce ko jami'a. Mai shago ko ƙaramar makaranta, gara ya nemi ɗan gari.

Nan ne aikin yake. Masu gyara sun cika Farm Centre da Beirut Road, sai dai yawanci hannunsu a Windows ya faɗa. In ka samu ɗaya, ka tambaye shi, “Malam, wa kake kula wa da Linux yanzu?” Ka je ka gani da idonka. In maganinsa na farko shi ne a goge komai a sake lodi, yi masa godiya ka wuce.

Ku daidaita kan biyan wata-wata, kada ka jira sai abu ya lalace, domin ranar ba ka da bakin ciniki. A rubuta cikin awa nawa zai amsa kira, me zai gyara daga nesa ta intanet, wa zai biya kuɗin adaidaita, da ranar da zai riƙa kwafe bayananka zuwa wani faifan daban. Ya dawo da fayil ɗaya a gabanka, ka tabbatar kwafin na aiki.

Kalmar sirri ta babban mai iko da kwamfutar kuwa, a hannunka za ta zauna. Ɗan'uwan nawa sai da ya bi yaron ta waya har sansani kafin ya same ta.