Kurakuran da aka fi yi wajen sa mutane a hoton ginin zamani

Yawancin masu ɗaukar hoton gine-gine sai sun jira wuri ya watse kafin su danna, kuma nan asarar take farawa. Ginin kankare da gilashi ba ya ba ido abin da zai auna girmansa da shi. Ɗauki Masallacin Ƙasa na Abuja da aka gina a 1984. In harabar fayau take, hasumiyoyinsa huɗu da ƙubbar nan mai ruwan zinare sai su fito kamar zanen jikin kalanda. Amma mutum ɗaya ya gifta ta gindin hasumiya, nan take mai kallo zai gane tsawonta.

Sai dai inda mutumin ya tsaya shi ne magana. Sau da yawa za ka ga an kafe shi dab da kyamara, ya rufe rabin ginin, hoto ya koma nasa. Gyaran ba wuya: kai ka ja baya, shi ya matsa jikin bango ko bakin ƙofa, ya fito ɗan ƙarami. Kada kuma ka ce ya kalle ka ya yi murmushi. Bar shi ya hau matakala ko ya ratsa tsakanin ginshiƙai, ka danna daidai lokacin da ƙafafunsa suka buɗe.

Akwai kuma kuskuren da wayoyin yanzu suka jawo. Gini mai faɗi irin Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Iganmu a Legas, mai siffar hular soja, yana sa mutum ya taɓa 0.5, wato gilashin kyamarar waya mai ɗaukar faɗi, don komai ya shiga. To, wannan gilashin yana miƙar da duk abin da ke gefe, kan mutum ya yi tsini, kafaɗa ta baje. Ajiye mutumin kusa da tsakiya. Ka riƙe wayar a miƙe kuma, don da ka ɗaga bakinta sama, bangaye za su kwanta baya.

Mai babbar kyamara ya zaɓi ɗaya a saurin ɗauka, wato tsawon lokacin da idon kyamara ke buɗe: 1/250 na daƙiƙa zai tsayar da mai tafiya cak, 1/15 a kan ƙafar kyamara zai mai da shi dishi-dishi ginin ya fito tar. Abin da ke tsakani yakan yi kama da rawar hannu.

Farar shadda a jikin farin bango, ga hazo, ɓacewa take yi. Nemi mai ja ko shuɗi, ka fito da hantsi ko bayan la'asar.

Na bar neman izini a ƙarshe don shi ya fi damuna. In fuskar mutum za ta fito, yi sallama ka tambaya, musamman mata da yara, kuma kada ka auna masu salla da kyamara. A gine-ginen gwamnati, fara gaisawa da masu gadi kafin ka fito da kyamara.