Yadda Ake Haɗa Ɗan Tsohon Kirsimeti Mai Jar Hula da Ƙwallon Goruba da Auduga

A ƙasashen arewacin Turai, da zarar Disamba ta kama, za ka ga wani ɗan tsoho a bakin tagogi da kan tebura da rassan bishiyar Kirsimeti: gajere, gemu har ƙasa, jar hula mai tsini ta rufe masa ido, hanci kaɗai ke leƙowa. Mutanen Suwidin na ce masa tomte, na Norwe da Danmak su ce nisse, a Finlan kuma tonttu. A tatsuniyoyinsu, wani ɗan wada ne da ke zaune a gidan gona, yana kula da dabbobi cikin dare, ba ya yarda a gan shi. Ladansa na shekara kwano guda ne na kunu mai kauri da man shanu a kai, wanda ake ajiye masa a daren 24 ga Disamba. Ga shi da saurin fushi. Akwai labarin da aka tura masa man a ƙasan kwano, ya duba bai gani ba, ya je ya kashe saniyar gidan. Da ya dawo ya shanye kunun ya tarar da man a gindi, sai ya bi dare ya ɗauko wata saniyar daga wata gona ya mayar. Kamanninsa na fara'a da aka sani yau sun yaɗu ne ta hannun Jenny Nyström, wata mai zane 'yar Suwidin da ta rasu a 1946, wadda ta yi ta zana shi a katunan gaisuwar Kirsimeti.

Su can suna yin jikinsa da busassun 'ya'yan itacen fayin, wata bishiya mai ganye kamar allura, ko guntun icce, gemun kuma da gashin tumaki. Mai son ya ƙawata ɗakinsa da shi a Jos ko Kafanchan ko Yola ba sai ya jira kayan waje ba. Abu uku ne ke fito da shi: hula, hanci, gemu. In waɗannan sun zauna daidai, jikin ko mene ne ya yi.

Ga abin da za ka tanada: ƙwallon goruba da aka cinye, auduga cikin hannu guda, ƙwayar gurjiya, jan ƙyalle mai ɗan kauri daga ragowar tela, allura da zare mai ƙarfi, almakashi, siririyar waya, da farin gam irin na kafintoci. In kana so komai ya zama na daji, jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi har ya yi kauri ya yi yauƙi. Zai riƙe auduga sarai, sai dai yana daɗewa kafin ya bushe, kuma ban yarda da shi wajen riƙe hanci ba.

Fara da jiki. Ka kankare ragowar garin gorubar da wuƙa, ka wanke ƙwallon, ka shanya shi a rana har ya bushe ƙamas. Kada ka yi gaggawa a nan. Ɗan zaƙin da ya rage shi ke jawo kiyashi, danshi kuma ya kawo fumfuna bayan ka gama wahala. Sanyin hunturu na taimakawa, domin iskar Disamba ba ta barin laima. Bayan ya bushe, ka goga gindinsa a kan siminti ko dutse har ya yi ɗan faɗin da zai zauna da kansa ba tare da ya mirgina ba. Goruba na da taurin kai, za ka ɗan ji a hannu. In da yara za ka yi aikin, totuwar masara ta fi sauƙi: a yanka ta guntu-guntu, tsawon santimita 5 ko 6, tana zama daram, allura ma na shiga.

Tun kafin ka taɓa hula, ka ɗaura zaren ratayewa. Ka zagaye saman ƙwallon da zare sau biyu ko uku, ka cusa shi cikin gashin gorubar, ka ƙulle, ka ɗiga gam a kan ƙullin, ka bar tsawon kamar taƙi biyu yana lilo. Mutane da yawa a jikin hular suke ɗinka maratayin, sai a wayi gari hula na rataye a reshe, ɗan tsoho na ƙasa. Nauyin na ƙwallo ne, don haka shi ya kamata zaren ya riƙe.

Sai gemu, kuma nan ne aikin yake. Ka cire guryar da ke cikin audugar, ka yi ta yagar ta a hankali da yatsu kana jan ta gefe guda, har zaruruwan su miƙe su daina dunƙulewa. Audugar kanti da ake wanke ciwo da ita ma tana yi, amma farinta ya cika haske. Ta gona tana da ɗan duhun da ya fi kama da furfura. Ka shimfiɗa ta mai faɗi a sama, mai tsini a ƙasa. Shafa gam a gaban ƙwallon daga tsakiya zuwa sama, ka manna bakin gemun kaɗai, ka bar ƙasan sake. In ka manne shi duka zai kwanta ya yi kama da bandeji. Ka ƙara shimfiɗa ta biyu, gajeriya, a kan ta farko, sannan ka jiƙa yatsa ka murza ƙarshen ya yi tsini. Gemun ya sauko har ya taɓa ƙasa, gefe da gefe kuma ya rufe rabin ƙwallon.

Wanda ba ya son fari zai iya warware igiyar rama ya taje ta da matajin kai. Wannan ya fi auduga jure ƙura, kuma ni shi na fi so in za a rataye abin a baranda. Busasshen gemun masara na da kyau a ido, ja-ja haka, amma yana kakkaryewa. Audugar rimi kuwa ka bar ta a matashin kai: santsi gare ta, ba ta zama wuri ɗaya, ga saurin kama wuta.

Hanci ba shi da wuya. Ka zaɓi gurjiya mai zagaye, mai launin ƙasa-ƙasa, ka ɗan gasa ta a busasshen kasko don kashe ƙwarin da ke ciki. Ka buɗa audugar a daidai saman gemun har ka ga jikin ƙwallo, ka ɗiga gam, ka danna hancin, ka riƙe shi kamar minti biyu. A jikin goruba zai manne, a kan auduga kuwa faɗuwa zai yi.

Yanzu hula. Ka zana da'ira a takarda, daga tsakiya zuwa baki santimita 12, ka yanke kashi ɗaya bisa huɗu nata. Ka naɗe wannan yankin ya yi tsini, ka gwada a kan ƙwallon. In ya matse ka sake yanka mai faɗi, in ya yi yawa ka rage. Sai ka ga ya zauna kafin ka ɗora a ƙyalle ka yanka, ka bar ɗan wuri don ɗinki. Ka ɗinke gefen ta bai-bai, ka juya, ka tura tsinin da tsinke. Tsawon hular ya fi na jikin, ko da ninki ɗaya da rabi ne. Gajeriyar hula na mai da shi wani abu daban. In ƙyallen ya cika laushi, ka tsoma shi a ruwan sitaci, ka bar shi ya bushe a kan takardar da ka naɗe. Wanda farin ƙyalle kawai yake da shi zai iya dafa shi da karan dafi. Jan da zai bayar mai duhu ne, ya kuma fi dacewa da goruba a kan jan yadin roba mai ƙyalli.

Ka zura zaren ratayewar a allura, ka fito da shi ta tsinin hular. Ka cusa 'yar auduga a ciki don kada ta lotse. In kana son hular ta karkace, ka sa guntuwar waya a tsakiya, ka lanƙwasa bakinta don kada ta huda ƙyallen. Shafa gam a bakin hular ta ciki, ka jawo ta ƙasa har ta hau rabin hancin, a baya kuma ta sauka ƙasa sosai. Kada ka zana ido, kada ka zana baki. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi, musamman na yara, amma da zarar an ɗiga ido biyu ya tashi daga ɗan tsohon nan ya koma 'yar tsana. Ka ƙulle zaren a sama ya zama maratayi, ka ajiye shi ya kwana kafin ka rataye.

In da yawa za ka yi, ko don kyauta ko don sayarwa, ka yi kowane mataki gaba ɗaya: yau shanya, gobe gemu da hanci, jibi huluna. Ka bambanta tsawon hulunan da launin gemun, domin in an jera uku ko biyar masu bambanci sun fi ɗaukar ido.

Auduga da wuta ba sa shiri, saboda haka ka nisanta shi daga kyandir da fitilar ƙwai. Ka kuma rataye shi inda mai rarrafe ba zai kai ba, don gurjiyar na iya ɓallewa ya jefa a baki. Bayan biki ka kakkaɓe ƙurar da tsohon burushin haƙori, ka naɗe kowane ɗaya a takarda, ka sa su a gwangwani mai murfi tare da busasshen ganyen darbejiya, ka ɗora a sama inda ɓera da laimar damina ba za su kai ba.