Yadda Nake Shirya Fitar Cin Abincin Rana a Ƙafa daga Ofishinmu a Atina

Shekara uku ke nan ina aikin lissafin kuɗi a wani ofis kusa da dandalin Sintagma, a birnin Atina na ƙasar Girka. Biyu daga cikin shekarun nan a gaban kwamfuta na ci abincin rana, kamar yadda kowa a ofishin yake yi. Mu goma sha ɗaya ne, amma akwai wanda ban taɓa jin muryarsa ba sai a kan maganar takarda. Abin da ya sauya mana zama shi ne fitar ranar Laraba: mu bar ofis tare, mu taka zuwa inuwa, mu ci abincin Girkawa, mu dawo bakin aiki. Ni nake shirya fitar, kuma ga yadda nake yi, ko wani zai so ya gwada a nasa wurin.

Kafin komai, ka nemi lokaci wurin oga, kuma ka faɗi adadinsa. Ni awa ɗaya na nema, sau ɗaya a mako, daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu. Girkawa ba sa cin rana da wuri, sai wajen biyu zuwa uku, don haka mu da muke fita da ɗaya ba ma tarar da layi a shaguna. Idan mun dawo sai in yi azahar. Kada ka sa fitar ta zama dole. Makon farko mu huɗu ne kawai, ban bi kowa da roƙo ba, sauran da kansu suka biyo baya.

Abin da na fi riƙewa da ƙarfi shi ne wannan: ba a cin abincin ana tafiya. A Atina za ka ga mutum da safe yana sauri yana gatsar burodi, ba wanda zai kalle shi. Ni kuwa a gidan da na tashi, kakata ba ta yarda a kai loma baki a tsaye ba, balle ana tafe, kuma da na gwada da abokan aiki na ga gaskiyarta. Mai tafiya yana tauna ba ya hira, man zaitun yana ɗiga a riga, wanda ƙafarsa ba ta da sauri kuma a bar shi baya da leda a hannu. Saboda haka nake raba awar gida uku. Minti goma sha biyar na tafiya, minti ashirin da biyar a zaune ana ci, sauran a dawo a hankali ta wata hanya daban. Tafiyar dawowar ce ta fi amfani ga jiki, domin taku bayan cin abinci yana rage hauhawar sukari a jini, kuma nauyin idon nan na ƙarfe uku ya ragu mini sosai.

Wurin zamanmu shi ne Lambun Ƙasa, wanda ke bayan ginin majalisar dokoki. Sarauniyar Girka Amaliya ce ta sa aka dasa shi tsakanin 1838 da 1840, faɗinsa ya ɗan haura hekta 15, shiga kyauta ce, ana buɗewa da safe a rufe da faɗuwar rana. Muna shiga ta ƙofar titin Amaliyas, inda dogayen bishiyoyi dangin dabino suka yi layi, mu nausa ciki har hayaniyar motoci ta ɓace, mu nemi benci biyu da ke kallon juna. Da dawowa mukan fita ta wajen ginin Zapiyon, wani babban zauren taro da ke gefen lambun. Ranar da gari ya yi sanyi, masu ƙarfin ƙafa sukan zarce su leƙa filin wasan farin dutsen marmara da aka yi gasar Olamfik ta farko ta wannan zamani a 1896. Akwai kuma titin da mota ba ta bi a ƙarƙashin Akropolis, dutsen da ke ɗauke da tsoffin gine-ginen tarihi, ga kallo, sai dai inuwarsa kaɗan ce, mun bar shi sai lokacin sanyi. Ka sani ba a shiga da abinci cikin wuraren tarihin da ake yankar tikiti.

Duk hanyar da ka zaɓa, ka fara bin ta kai kaɗai da agogo a hannu, kuma ka yi tafiyar da takun wanda ya fi kowa nawa a ofis. Muna da wani dattijo mai ciwon gwiwa, da shi nake auna komai. Ka gaya wa mutane tun ranar Talata su zo da takalmi mai taushi, don dutsen da aka shimfiɗa a gefen titunan Atina yana santsi idan ya jiƙe.

Sai abinci, kuma a nan ne aikin yake. Ƙa'idata ita ce duk abin da za a saya ya zama hannu ɗaya yana riƙe shi, kuma yana da daɗi ko ya huce. Abincin gidan burodin Girkawa, wanda suke kira furnos, kamar don wannan aka yi shi. Akwai spanakopita, alayyahu da cuku a cikin ɓawon fulawa siriri mai ƙaras-ƙaras. Akwai tiropita, ita cuku ce zalla a ciki. Akwai kuluri, burodi mai siffar zobe da aka mulke da riɗi, wanda mutanen Tasalonika suke alfahari da shi, kuma shi ne mafi araha. Nakan ce a yanka mini manyan gida huɗu tun a shago, don kada a je ana neman wuƙa a kan benci. Daga gidan abinci kuma nakan ƙara dolmades, wato shinkafa da aka naɗe a ganyen inabi, da roba ɗaya ta zaitun.

Haɗin da suke kira horiyatiki, ma'ana na ƙauye, shi kaɗai nake yarda a zo da cokali mai yatsu dominsa. Tumatir ne da kokwamba da jar albasa da zaitun, a ɗora ƙaton yankin cukun feta a sama, a kwarara man zaitun. Babu latas a cikin na ainihi. Feta kuwa da madarar tumaki ake yin ta, wani lokaci a haɗa da ta awaki, kuma tun 2002 Tarayyar Turai ta keɓe sunan ga cukun da aka yi a Girka. Ka roƙi mai shago ya zuba man a ƙaramar roba daban. Idan aka haɗa tun a can, kafin ku isa lambu tumatir ya saki ruwa, leda ta ɓaci. Ruwan da ke taruwa a ƙasan kwanon, shi ake dangwala da burodi, kuma a kansa nake ganin mutanen da ba sa magana a ofis suna miƙa wa juna hannu.

Zaziki na daina saye. Kindirmo ne mai kauri da kokwamba da tafarnuwa, daɗi ba a magana, amma zafi yana lalata shi da wuri, kuma wanda zai gana da baƙi da yamma ba zai gode maka da warin tafarnuwa ba.

Maganar nama tana buƙatar kula, musamman ga Musulmi. Suvlaki tsiren Girkawa ne, ana naɗe shi a burodin pita mai kama da gurasa, giros kuma shi ne mai kama da shawarma. To amma a Girka, idan ka ce giros ba ka ƙara komai ba, na alade za a ba ka. Fitarmu ta biyu wani abokin aiki ya karɓi saye, da kyakkyawar niyya ya kawo wa kowa giros, ni da wata 'yar Masar muka ci zaitun da burodi. Ba laifinsa ba ne, ni ce ban faɗa ba. Ko na kaza ne, sau da yawa wuta ɗaya da wuƙa ɗaya ake amfani da su, ga kuma batun yanka. Tun daga ranar na mayar da abincin tarayya ya zama marar nama, mai son tsire ya sayi nasa a hanya.

Kalma ɗaya ta sauƙaƙa mini wannan, ita ce nistisimo, wato abincin azumi. Kiristocin cocin Otodoks suna ƙaurace wa nama da madara da ƙwai ranakun Laraba da Juma'a da kuma makonnin da ke gabanin bikin Ista, kuma akwai wata baiwar Allah a ofishinmu da take kiyaye wannan. Idan ka ce wa mai shago kana son nistisimo, nan take ya gane, zai nuna maka spanakopita marar cuku, ko manyan waken da aka gasa da tumatir, ko faba, wadda markaɗaɗɗen wake ce mai launin rawaya. Ni da ita kwano ɗaya muke ci. Tambaya ɗaya kawai nake ƙarawa, ko an zuba giyar inabi a girkin, don suna yawan dafa wata dabbar teku mai hannaye takwas da wasu miyoyi da ita.

Kuɗi karo-karo ne, ana haɗawa ranar Talata da yamma, a kira shago da safe, mutum biyu su karɓo minti goma kafin a fita. Kowa ya zo da gorar ruwansa, ruwan famfon Atina ana sha.

Yanayi shi ke da hukunci na ƙarshe. Afirilu da Mayu sun fi kowane lokaci, ga ƙamshin furen lemu mai ɗaci da aka dasa a gefen tituna. Oktoba ma haka. Yuli da Agusta muna dakatawa gaba ɗaya, domin zafin tsakar rana a nan ba wasa ba ne, a Yulin 2023 har Akropolis aka riƙa rufewa da rana saboda shi. Da azumin Ramadan nakan miƙa wa wani saye, in raka su tafiyar kawai.

A kan benci na roƙi abu ɗaya, a bar maganar aiki sai an koma. Ogan ma na roƙe shi ya riƙa tafiya a baya, don idan yana gaba sai kowa ya bi takunsa, hira ta mutu. Ka tanadi leda ɗaya ta shara da takardar goge hannu fiye da yadda kake zato. Kada a jefa wa tattabaru ɓarɓashi sai an gama, in ba haka ba za su cika muku ƙafafu. Kullum akwai mutum ɗaya da ke zama a ofis don amsa waya, kuma rabonsa nake fara cirewa tun kafin a buɗe leda, in naɗe a takarda, in kai masa har teburinsa idan mun dawo. Mako mai zuwa wani ne zai zauna, shi kuma ya fito.