Farautar baƙar beyar a dajin Kanada: kurakuran da aka fi yi a gaban duro

A arewacin lardin Saskatchewan na Kanada akwai sansanonin farauta da mota ba ta zuwa. Daga gari irin La Ronge ake ɗaukar mutum a ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, a ajiye shi a bakin wani tafki, tsakiyar kurmi, ya yi kwana biyar ko shida. Makonni kafin zuwansa mai sansanin ya riga ya ɗaure duro a jikin bishiya, yana zuba masa hatsi da tsohon man suya da gugguru da ragowar burodi, har baƙar beyar, wata babbar dabbar daji mai yawan gashi da farata, ta saba da wurin. Aikin baƙo shi ne ya hau dandamalin da aka kafa a kan wata bishiya kusa, ya yi kwanto daga la'asar har duhu.

Wanda ya ji wannan sai ya ce ai an gama, dabba ce aka kira har gabanka. Daga wannan tunanin yawancin kurakurai suke tsiro. Abincin da ke cikin duro ba ya harba maka bindiga. Abin da yake ba ka shi ne lokaci: ka kalli dabbar da kyau, ka san mace ce ko namiji, ka san ko akwai 'ya'ya a bayanta, ka jira ta tsaya yadda harbi ɗaya zai wadatar. Wanda bai ci moriyar wannan lokacin ba, ya zubar da hujja ɗaya tilo da ake kare wannan salon farauta da ita.

Kuma salon yana da masu suka da yawa. A lardin British Columbia na Kanada doka ta hana farautar beyar da abinci. A Amurka, masu zaɓe a Colorado sun hana a 1992, na Oregon a 1994, na Washington a 1996. A jihar Maine sau biyu aka kaɗa ƙuri'a a kan hanawa, a 2004 da 2014, duka biyun masu son hanin suka sha kaye. Saboda haka kuskure na farko tun daga gida ake yin sa: mutum ya ɗauka dokar wani lardi ita ce ta kowa. Kowane lardi da nasa lasisin da nasa lokacin. A Saskatchewan da Manitoba, wanda ba mazaunin Kanada ba dole ya bi ta hannun mai sansani mai lasisi. Ka karanta littafin dokokin farauta na shekarar da kanka, kada ka tsaya ga abin da aka faɗa maka a waya. Idan da bindigarka za ka shiga ƙasar, akwai takardar bayyana makami ta baƙi da ake cikewa a kan iyaka, kuɗinta dalar Kanada 25, tana aiki kwana 60.

Harbin wadda ta fara zuwa

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Mutum bai taɓa ganin beyar a daji ba, ga ta baƙa wuluk ta fito daga kurmi ba ko motsin ganye, zuciya ta hau dukan uku-uku. A idonsa ta kai sa girma. Ya harba. Da aka je kanta sai a tarar 'yar shekara biyu ce, mutum ɗaya ma zai iya ɗaga ta. Gashinta mai yawa ne, ba ta da ƙaho da za a auna, shi ya sa ko gwanaye suna cewa babu dabbar da ta fi ta wuyar kimantawa.

Maganin yana gabanka: duron nan. Duro mai cin lita 200 tsayinsa ya kusa santimita 90. Idan beyar tana tsaye da ƙafa huɗu, bayanta ya kai zoben sama na duron, babba ce. Idan ya kai bakin duron, ƙato ne na gaske. Sai ka dubi kunne. Ƙarama kunnuwanta manya ne, a tsaye, kusa da juna a saman kai. Tsohon namiji kunnuwansa kamar an manna su a gefen kai, ƙanana, goshinsa mai faɗi, wani lokaci har da tsaga a tsakiya. Ƙafafunsa kamar gajeru saboda cikin ya sauko, tafiyarsa a hankali yana rangaji, ba ya waige. Ƙarama kuwa ba ta da sukuni: ta figi abinci ta gudu, ta dawo, tana ɗaga kai tana kallon kurmi. Wannan kallon ma labari ne. Sau da yawa tana tsoron wani babba ne da ta san yana kusa, kuma manyan sun fi fitowa dab da faɗuwar rana. Wanda ya gaji ya sauko da sauran haske, ya bar wurin a daidai lokacin da ya kamata ya zauna.

Mace mai 'ya'ya

Nan ne nake so a tsaya, domin wannan ya wuce asarar kuɗi. Beyar tana haihuwa a cikin rami a watan Janairu ko Fabrairu, ɗan bai kai rabin kilo ba. A watan Mayu da Yuni, lokacin farautar bazara, har yanzu nono suke sha, kuma sai sun yi kusan shekara ɗaya da rabi tare da uwarsu. Wanda ya harbe uwar ya kashe su duka, sai dai nasu mutuwar yunwa ce, a hankali. Doka ta hana harbin mace mai 'ya'yan bana a Saskatchewan da yawancin wuraren da ake wannan farauta. Damuwa kan marayun 'ya'yan beyar ce dalilin da gwamnatin lardin Ontario ta bayar da ta soke farautar bazara a 1999. Sai a 2014 aka dawo da ita a matsayin gwaji, aka tabbatar da ita a 2021.

Abin da yake yaudarar mutane shi ne uwar ba kullum take zuwa da su a gindinta ba. Takan kora su saman bishiya can baya, ta zo ita kaɗai ta duba wurin. Mutum ya gan ta ita ɗaya, ya ce ba ta da 'ya'ya. Ka ba ta lokaci mai tsawo. Ka saurara ko za ka ji ƙartar farce a jikin bishiya ko kuka siriri kamar na jariri. Ka lura ko tana yawan komawa wuri ɗaya. Mace gabanta siriri ne, bayanta ya fi faɗi, ƙafafun gaba suna tsukewa wajen idon sawu. Mai shayarwa idan ta miƙe tana taɓa duro ana iya ganin nonon. Namiji kuma yana da tuntun gashi a ƙarƙashin ciki. Ka roƙi jagora ya nuna maka hotunan kyamarar da aka ɗaura a wurin, domin shi ya san wace ce ke zuwa da 'ya'ya. Idan duk da haka zuciyarka ba ta natsu ba, ka bar ta ta tafi. Ni a ganina wanda ya koma gida hannu rabbana saboda shakka ya fi wanda ya yi caca da ran 'ya'ya uku daraja nesa ba kusa ba.

A yammacin lardin Alberta da wasu sassan jihar Idaho ta Amurka akwai ƙarin abin dubawa. Baƙar beyar ba kullum baƙa ba ce, akwai ruwan ƙasa, akwai ja-ja, kuma a can tana zama wuri ɗaya da babbar 'yar'uwarta girizili, wadda doka ta kare. Launi ba ya raba su. Girizili tana da tozo a kafaɗa, fuskarta ta lotsa, faratanta dogaye.

Iska da motsi

Idonta ba wani abin a zo a gani ba ne idan aka gwada da hancinta. Ta saba da warin jagoran da ke kawo abinci kullum, ta san ƙarar babur ɗinsa ko kwalekwalensa. Warinka ne baƙo. Idan iska tana kaɗawa daga wajenka zuwa hanyar da take fitowa, gara a kai ka wani wurin ran nan. Kada ka je kana taɓa duro, kada ka yi ta zagaye kana neman sawu, kada ka sha taba. Tsohuwar beyar za ta zagaya ta shinshina, idan ba ta yarda ba sai ta mai da zuwanta tsakar dare, shi ke nan an ɓata wurin har mako ya ƙare.

Motsi kuwa ƙwari ne ke jawo shi. Sauron dajin arewa da ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo ba wasa ba ne. Dangin ƙudan nan ne da ke kawo makanta a bakin kogunan Afirka, sai dai na Kanada ba sa ɗauke da wannan cuta, cizo ne kawai har jini. Mutum zai zauna awa biyar ko shida, domin a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare. Wanda bai zo da ragar rufe fuska da safar hannu da na'urar korar sauro irin Thermacell ba, zai yini yana marin kansa. Da yamma kuma sanyi yana sauka sosai. Ka ɗaura igiyar tsaro tun daga ƙasa har ka sauko, domin faɗowa daga bishiya ta fi beyar raunata mafarauta.

Wurin da ake harbi

Masu farautar barewa sun saba nufin bayan kafaɗa daga ƙasa-ƙasa. A jikin beyar wannan yakan kuskure. Gashin cikinta yana saukowa da yawa, sai ka ɗauka jiki ne alhali gashi ne. Jagorori suna cewa ka nufi tsakiyar tsakiyar jikinta, sannan ka ɗan matsa gaba kaɗan. Ka jira ta ba ka gefe sosai, ta miƙa ƙafar gaba ta ɓangarenka, ƙashin kafaɗa ya kauce, harsashi ya ratsa huhu biyu ya fita. Kada ka harba tana zaune, ko tana fuskantarka, ko kanta yana cikin duro jiki a murɗe. Fitar harsashin tana da muhimmanci, saboda kitse da gashi suna toshe rauni, jini ba ya zuba sosai, kuma bin sawu a wannan kurmi da dare aiki ne mai haɗari. Tazarar ba ta da yawa, masu baka sukan zauna mita 15 zuwa 20, don haka madubin bindiga mai jawo nesa da yawa ba abin da zai nuna maka sai baƙin gashi. Ka rage shi. Ka kuma gwada bindigar a sansani kafin fita, domin jigilar jirgi takan karkatar da saiti.

Bayan harbi ka zauna inda kake. Ka riƙe wurin da ka gan ta na ƙarshe, ka kasa kunne. Sau da yawa wadda aka harba daidai takan yi wani nishi mai tsawo kafin ta cika. Ko ka ji shi, ka jira jagora. Idan ya zo ka gaya masa gaskiyar yadda harbin ya kasance, ko da kana jin kunya, domin da maganarka zai yanke shawarar a bi yanzu ko a bari sai safe.

Fata da nama

A feɗe da wuri. Fatar da aka bari da ɗumi gashinta zubewa yake yi, sai a sa gishiri ko a daskarar da ita. Fitar da ita daga Kanada zuwa wata nahiya yana buƙatar takardar CITES, yarjejeniyar kula da cinikin namun daji, kuma cinikin maɗaciyar beyar laifi ne a yawancin larduna.

Naman yana da tasa magana. Musulmi ya tambayi malaminsa tun kafin ya biya kuɗi: akwai hadisin da ya hana cin dabba mai fiƙa, mafi yawan mazhabobi sun haramta, mashhurin Malikiyya kuwa karhanci ne. Wasu wurare, kamar sassan Alaska a bazara, doka ta tilasta a fito da naman daga daji, don haka a shirya wanda zai karɓa. Wanda zai ci kuma kada ya yarda da zancen cewa firiza tana kashe tsutsar da ke cikinsa. Irin tsutsar tirikinela ta arewa tana jure ƙanƙara. A 2022 wasu dangi suka taru a jihar South Dakota ta Amurka suka gasa tsiren naman beyar da aka harbo a arewacin Saskatchewan, naman da ya yi kwana 45 a firiza. Mutum shida suka kamu da cutar, biyu daga cikinsu kayan lambun da aka gasa tare da naman kawai suka ci. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, wadda ta fitar da rahoton a 2024, ta ce a dafa har cikin naman ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas, a auna da ma'aunin zafi, domin naman baƙi ne, ido ba ya gane dahuwarsa.

Ko abin da ake zubawa a duro sai an kula. Cakulan guba ce ga beyar idan ta yi yawa. A 2014 aka tsinci gawar huɗu a wani wurin zuba abinci a jihar New Hampshire ta Amurka, shekara mai zuwa jihar ta hana amfani da ita. Ka tambayi mai sansani me yake zubawa, wurare nawa yake da su, baƙi nawa yake ɗauka a mako, kuma ko yana kwashe durorinsa idan lokaci ya ƙare.

Sai batun nisa, wanda baƙi suka fi rainawa. Ƙaramin jirgi yana da iyakar nauyin kaya, za a auna jakarka. Babu layin waya, sai na'urar tauraron ɗan'adam. Hazo ko iska ko hayaƙin gobarar daji suna iya hana jirgi zuwa kwana biyu ko uku, kuma a watan Yunin 2025 gobara ta sa an kwashe mutanen La Ronge kanta. Ka zo da maganinka na ƙarin kwanaki, ka sayi inshorar da ta haɗa da ɗauko mara lafiya daga daji, kada kuma ka sa tikitin komawa gida a washegarin ranar da aka ce za a fito da kai.