Yadda ake bin diddigin tarihin motar tsere ƙirar Lotus Eleven

Idan aka nuna maka Lotus Eleven aka ce ta asali ce, kada ka fara da ɗan allon lamba da ke manne a jikinta. Ribit ne kawai ke riƙe da shi, kuma kowa na iya cirewa ya liƙa wa wata. Ni dai a wurina tarihin wannan mota yana wuri biyu: jikin shasinta, da jerin hannayen da ta bi tun daga ranar da ta bar masana'anta.

Da farko ka san abin da aka ƙera tukuna. Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus, shi ne ya tsara ta, aka riƙa haɗa ta a Hornsey da ke arewacin Landan daga 1956 zuwa 1958, kuma duka-duka kusan 270 aka yi. Shasinta siraran bututun ƙarfe ne aka haɗa kamar keji. Bodin na alminiyam ne, Frank Costin ya zana shi, mutumin da ya fito daga kamfanin jiragen sama na de Havilland, shi ya sa iska ke zamewa a kanta ba ta samun abin kamawa. Maƙeran Williams & Pritchard ne suka riƙa buga bodin da hannu. Nauyinta bai kai kilo 500 ba. Injin da aka fi saninta da shi Coventry Climax ne mai cc 1098, wanda asalinsa injin famfon kashe gobara ne da aka yi shi marar nauyi don mutum biyu su iya ɗauka. Wannan sauƙin nauyi ne ya ja hankalin masu tsere.

Iri uku aka sayar. Le Mans ce babba, mai birkin faifai da tsarin riƙe ƙafafun baya da ake kira de Dion. Club tana da injin Climax amma da aksul guda a baya da birkin durom. Sports kuwa injin Ford mai cc 1172 aka sa mata, don mai ƙaramin ƙarfi. Ka riƙe wannan da kyau, domin Club ko Sports da yawa an ɗaga darajarsu daga baya, aka sa musu kayan Le Mans. Yin haka ba laifi ba ne, amma mai sayarwa ya faɗa. Sannan ka leƙa ƙafafun gaba. Zubin farko aksul ɗin Ford aka raba biyu, zubi na biyu da ya fito a 1957 kuma hannaye bibbiyu masu siffar harafin A yake da su a kowace ƙafa. Idan takarda ta ce 1956 ka ga gaban zubi na biyu, to akwai tambayar da za a amsa maka.

Yanzu sai shasi, kuma a nan nake so ka ɓata lokaci. A ɗaga murfin gaba da na baya, ka shiga da tocila. Motar da ta yi shekaru tana tsere dole ta sha karo, don haka faci da lanƙwasa da bututun da aka sauya ba abin tsoro ba ne, su ne ma shaidarta. Abin da ke sa ni tsayawa shi ne shasi mai sheƙi, waldarsa iri ɗaya daga gaba har baya, babu ko tabo. Yana iya yiwuwa an sake shi gaba ɗaya saboda tsatsa, siraran bututun nan ba a yi su don su shekara sittin ba. To amma ina tsohon? Wannan tambaya ita ce mafi nauyi a cinikin nan. Idan tsohon shasi ya faɗa hannun wani ya gina mota a kansa, an wayi gari da mota biyu suna da'awar lamba ɗaya, kuma hakan ya sha faruwa a tsofaffin motocin tsere.

Ka ƙwanƙwasa bodin kuma. Tun 1982 kamfanin Westfield na Ingila ya fara yin kwafinta da bodin faiba da kayan motar MG Midget. Mota ce mai daɗin tuƙi, ba na raina ta, amma ba Lotus ba ce.

Daga nan sai takardu. Ka rubuta wa Historic Lotus Register, ƙungiyar da ke ajiye bayanan waɗannan motoci, ka tura lambar shasi da hotuna. Ka nemi tsohon littafin rajista idan an taɓa yi mata lambar titi a Birtaniya. Ka tuna an sayar da wasu a kwance, mai saye ya haɗa da kansa don guje wa harajin saye na wancan zamani, saboda haka ranar rajista na iya yin nesa da ranar da kayan suka bar Hornsey. Da yawa kuma an kai su Amurka, inda aka riƙa cusa musu injuna daban-daban. Jera masu ita ɗaya bayan ɗaya da shekarunsu, kamar yadda ake binciken asali kafin a ba da aure. Inda ka ga giɓin shekara goma sha biyar babu wanda ya san inda take, sai ga ta ta ɓullo sabuwa fil, ka tsaya a wannan giɓin har sai an cike maka shi da rasit ko wasiƙa ko hoto.

Da'awar tsere ita ce ke ninka farashi, don haka ita aka fi ƙara wa gishiri. A gasar awa 24 ta Le Mans da ke Faransa ta 1956 Reg Bicknell da Peter Jopp sun zo na bakwai da Eleven, suka ci ajin cc 1100. A gasar ta 1957 Cliff Allison da Keith Hall sun ci kyautar Index of Performance, wadda ke auna nisan da mota ta yi da girman injinta, da mai ɗan injin cc 750. Waɗannan motoci sanannu ne, an san inda suka bi. Idan aka ce maka taka ta yi wata gasa, ka nemi tsofaffin mujallun Autosport da Motor Sport, ka gwada hotunan da motar da ke gabanka: wurin da aka huda murfin tanki, siffar kariyar iska, jerin ribit. Da yake da hannu aka buga bodin, da wuya biyu su zo daidai.

Mai sayarwa zai iya miƙo maka takardar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, da ake kira Historic Technical Passport. Abin da take tabbatarwa shi ne an haɗa motar bisa tsarin zamaninta kuma za ta iya shiga gasar tsofaffin motoci. Ba ta ce wannan ce motar da aka ƙera a 1956 ba, kuma sabuwar da aka gina bara ma tana iya samunta.