Yadda Ake Riƙon Kyanwa a Gidan da Ake Ajiye Hatsi

A ƙasar Kabi, da zarar an yanke shinkafa a fadamun Argungu da Augie da Suru, aka jibge buhuna a ɗakin ajiya, aka kuma cika rumbuna da gero da dawa, ɓeraye sukan tare a gida tare da amfanin gonar. Shi ya sa gidaje da yawa suke neman kyanwa a daidai wannan lokaci, kuma dabara ce mai kyau, domin ɓarnar ɓera ba ta tsaya kan huda buhu da gwaguye littattafan yara ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abincin mutane. Sai dai da yawa daga cikinmu mukan ɗauko kyanwa mu sake ta a tsakar gida mu manta da ita, muna ganin ai za ta ci da kanta, alhali kuwa dabba ce mai haƙƙi a kan wanda ya ajiye ta, kuma abubuwan da suka fi saurin halaka ta suna nan cikin ɗakin girkinmu da kwandon magungunanmu.

Addini bai bar wannan magana a duhu ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci ba. Imam Malik kuma ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa mazubin ruwan alwalarsa har ta sha, sannan ya bayyana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakanin mutane. Saboda haka iyaye su hana yara jifan kyanwa, musamman baƙa wadda akan ɗora wa camfin maita, domin zalunci ne, kuma yaron da ya saba da shi ba lalle ya tsaya kan dabba ba.

Aikin farko shi ne zaɓen wadda za a ɗauko. Kada a raba 'yar kyanwa da uwarta kafin ta cika mako 8, ko da maƙwabtan da ta haihu a gidansu sun ƙosa a kwashe 'ya'yan, domin a wurin uwa take samun nono da kariyar jiki, a nan kuma take koyon binne kashinta da farauta. A duba idanunta a ga babu kwantsa, hancinta ba ya yoyo, ƙarƙashin wutsiyarta a bushe yake, sannan a tona gashinta a duba ko akwai ƙuma ko wurin da gashi ya zube ya bar zagayayyen tabo. Irin wannan tabo sau da yawa makero ne, kuma yana kama yara. Wadda cikinta ya kumbura alhali jikinta a rame yake, mai yiwuwa tsutsar ciki ce da ita, wannan kuwa ana maganinsa.

Idan an kawo ta, a sa ta a ɗaki guda mai iska na kamar mako ɗaya ko biyu kafin a bar ta ta zaga gidan, in ba haka ba, za ta iya ɓacewa a daren farko tana neman hanyar komawa inda ta fito. A ajiye mata tsohon kwali da tsumma a lungu, da kwanon ruwa, da tsohuwar roba mai faɗi cike da yashi, nesa da inda take cin abinci. Bayan kowane cin abinci a ɗauke ta a hankali a ɗora ta kan yashin. Za a ga ta fara shinshinawa tana tono da ƙafafun gaba, kuma cikin 'yan kwanaki za ta riƙa zuwa da kanta. In ta yi kuskure a kan tabarma, a wanke wurin da sabulu sosai don warin ya tafi. Duka ba ya koya mata komai sai tsoron mutanen gidan.

Maganar abinci ita ce ta fi buƙatar gyara a gidajenmu. Akwai masu cewa in aka ƙosar da kyanwa ba za ta kama ɓera ba, don haka sai su bar ta da yunwa da gangan. Wannan kuskure ne. Farauta ɗabi'arta ce, tana yi ko da cikinta a cike yake, kuma mai ƙarfin jiki ita ce ke iya kwana tana gadin bakin rami. Mai jin yunwa kuwa sai ta koma buɗe tukunyar uwargida, ko ta tsallaka katanga ta ɗauke wa maƙwabta 'yan tsaki, daga nan ko ta ƙaura gaba ɗaya ko a yi mata illa.

Kyanwa maciyar nama ce a halittarta. Akwai sinadaran da jikinta ba ya iya samar da isasshensu sai ta same su a nama ko kifi, kuma rashinsu na dogon lokaci yana kawo makanta da ciwon zuciya. Ke nan ragowar tuwo da ƙanzon shinkafa kaɗai ba za su riƙe ta ba, ko da ta ci ta ƙoshi. Wannan ba ya nufin sai mai hali ne zai iya riƙon ta. Mutanen Yawuri da Argungu da sauran garuruwan bakin ruwa suna da sauƙin kifi, kuma ƙananan karfasa ko kan tarwaɗa da ake samu da araha sun wadatar, muddin an dafa su da ruwa zalla, ba gishiri, ba magi, ba yaji, aka zare ƙaya da kyau, sannan aka cakuɗa da 'yar shinkafa dafaffiya. A lura da ƙayoyin nan masu tauri da ke gefen kan tarwaɗa, domin suna iya maƙale wa kyanwar a wuya. Guntattakin nama daga wurin mahauci, da ƙundun kaza, da dafaffen ƙwai duk suna da kyau, amma hanta a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. Ƙashin kaza da aka dafa yana tsagewa ya soki hanji, don haka kada a jefa mata shi. Hanya mafi sauƙi ga uwargida ita ce ta ɗebe wa kyanwa nata kason tun ana tafasa nama, kafin a zuba kayan miya. Babba sau biyu a rana ya ishe ta, ƙarama kuwa sau uku ko huɗu.

Dalilin ɗebe mata kaso da wuri shi ne albasa. Jihar da ke da Aliero, garin da ya yi suna a noman albasa, ba a tambayar ko akwai albasa a miyarta, amma albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu ko busassu, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, kuma illar tana taruwa sannu a hankali, har wata rana a ga ta yi laushi, dasashinta ya yi fari, tana haki. Madara ma, wadda kowa ke ɗauka abincinta ce, tana sa yawancin manyan kyanwoyi zawo, sai dai ɗan cokalin kindirmo marar sukari jefi-jefi.

Abin da ya fi albasa haɗari shi ne tausayin da ba a haɗa shi da sani ba. Uwargida za ta ga kyanwa ta kwanta ba ta cin abinci, sai ta gutsuro farasitamol ta jiƙa ta ɗura mata, tana ganin taimako ta yi. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani, ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta, bayan fuskarta ta kumbura numfashi ya gagare ta. Kada a ba ta kowane irin maganin mutane sai da izinin likitan dabbobi. Haka nan kada a shafa mata fiya-fiya ko kananzir ko maganin kaska na shanu da karnuka da sunan kashe ƙuma, domin tana lashe jikinta, kuma wasu daga cikin magungunan da kare ke jurewa suna sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya. Sannan gidan da ya ajiye kyanwa dole ya daina amfani da shinkafar ɓera, saboda ɓeran da ya ci guba yana fitowa yana layi, shi ne mafi sauƙin kamu, kuma gubar tana bin sa zuwa cikin wadda ta cinye shi. In ɓeraye sun yi yawa, a toshe ramuka da siminti, a ɗora buhuna kan katako nesa da bango, a rufe abinci, a ɗana tarko a inda ita da yara ba sa kaiwa.

Yanayinmu ma yana da nasa sharuɗɗan. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Birnin Kebbi yakan haura digiri 40, kuma a wannan lokaci za a ga kyanwa ta je gindin randa ta miƙe kan danshin ƙasa, ta manna cikinta da jikin tukunyar. A bar ta a nan, a kuma ajiye mata ruwa a wuri biyu cikin inuwa, ana sauya shi safe da yamma. In aka ga ta buɗe baki tana haki kamar kare, zafi ya yi mata yawa, sai a shafa mata jiƙaƙƙen tsumma a kai ta inuwa. Da hunturu kuwa ɗumi take bi, don haka a leƙa murhu kafin a hura wuta da asuba, maigida kuma ya bubbuga gaban mota kafin ya tayar. Rijiya da durom ɗin ruwa su kasance a rufe kullum.

Idan ta cika wata 3, a kai ta asibitin dabbobi a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, domin kyanwa ma tana ɗaukar cutar tana kuma yaɗa ta, sannan a riƙa sabunta allurar duk shekara. A wannan zuwa ne za a karɓi maganin tsutsar ciki, wanda ya kamata a maimaita duk bayan wata 3 ga mai cin ɓeraye da ƙadangaru. Duk wanda kyanwa ta ciza ko ta yakusa har jini ya fito, musamman wadda ba a san ta ba ko wadda halinta ya sauya, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, ya kuma tafi asibiti a ranar, domin wannan cuta in alamunta suka bayyana kusan babu mai tsira. Mace mai ciki kada ta kwashe yashin kyanwa, saboda akwai ƙwayar cutar da ke cikin kashinta mai iya cutar da ɗan tayi. Wani a gidan ya ɗauki wannan aiki, ya riƙa yin sa kullum, tunda ƙwayar tana buƙatar aƙalla kwana guda kafin ta zama mai kamawa, ya kuma wanke hannu bayan ya gama.

Yara su ne suka fi kowa shaƙuwa da ita, kuma a nan akwai tarbiyya mai amfani. A ba babban cikinsu alhakin ruwanta, a koya wa ƙanana cewa ba a jan wutsiya, ba a ɗaukar ta ta ƙafa, ba a kuma taɓa ta tana cin abinci. In ta kwantar da kunnuwa baya tana kaɗa wutsiya da ƙarfi, to ta gaji, a ƙyale ta. Da dare, in yara sun zauna bitar karatu, za ta zo ta kwanta kusa da su, wannan ba laifi, illa dai a ɗauke tawada da fitila daga inda za ta ture su, a kuma hana ta kwana kusa da jariri. Masu kaji su kife 'yan tsaki da kwando har su yi ƙwari, masu tantabaru kuma su rufe ɗakinsu da magariba.

Saura batun haihuwa, wanda shi ne ke sa gidaje da yawa su gaji da kyanwa. Macen tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, cikin yana ɗaukar kimanin kwana 63 zuwa 65, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. In ta kusa, a ajiye mata kwali a lungu mai duhu, a hana yara tattaɓa jariran, domin yawan damu yana sa ta kwashe su zuwa saman rufi ko cikin rumbu. Idanunsu sukan buɗe bayan kwana 7 zuwa 10, su fara lasar abinci mai laushi wajen mako 4. Tun a lokacin ya kamata a fara cigiyar gidajen da ke so, a cikin dangi da maƙwabta da masu shagunan hatsi a kasuwa, don kada a kai ga ɗaure su a buhu a zubar a bola. Wanda ba ya son ta ci gaba da haihuwa ya tuntuɓi malaminsa kan hukuncin, ya kuma je wurin likitan dabbobi kan tiyatar da ake yi, amma kada ya ba ta maganin tazarar haihuwa na mata. In kuma tafiya ta kama iyalin gidan gaba ɗaya, kamar ta biki ko ta salla, a bar makulli a hannun amintaccen maƙwabci, a nuna masa inda abincinta da ruwanta suke, a kuma tabbatar ba a kulle ta a ɗakin ajiya ba kafin a fita.